Milimita 1.6: Yadda makunnin Chevrolet Cobalt da wasu ƙananan motocin General Motors ya ci rayuka 124

A cikin makunnin mota, can bayan ramin da ake zura mukulli, akwai wani ɗan harshen ƙarfe da bai kai tsawon farcen babban yatsa ba, sifirin yana tura shi ta baya. Idan direba ya murɗa mukulli, wani faifai mai gurabe ne yake juyawa, harshen yana faɗawa gurbi bayan gurbi. Ɗan "ƙas" ɗin nan da ake ji a yatsa, shi ne. Matakan huɗu ne: kashewa, sai matakin rediyo wanda ake rubuta wa ACC, sai matakin tafiya, sai na tada inji. Aikin harshen bai wuce ɗaya ba, ya riƙe mukulli a matakin tafiya har sai mai mota ya murɗa shi da gangan.

A ƙananan motocin da kamfanin General Motors (GM) na Amurka ya fitar daga ƙarshen 2002, wato Saturn Ion, daga baya Chevrolet Cobalt da HHR da Pontiac G5 da Solstice da Saturn Sky, wannan harshe da sifirinsa sun gaza. Tsawonsu a haɗe milimita 10.6 ne. Wanda aka maye gurbinsa da shi daga baya milimita 12.2 ne. Tazarar ba ta wuce kaurin kwabo ba.

Ma'aunin da GM ya rubuta da hannunsa ya ce ƙarfin da za a sa kafin mukulli ya bar matakin tafiya ya koma na rediyo ya zama newton-santimita 20, da rangwamen 5 sama ko ƙasa. Wato duk abin da ya gaza 15 bai ci jarrabawa ba. Kamfanin Delphi, wanda yake ƙera makunnin, ya gwada samfura ya ga ba su kai ba, ya kuma faɗa. Duk da haka injiniyan da ke da alhakin makunnin a GM, Ray DeGiorgio, ya amince da shi a watan Fabrairun 2002. Makunnin ya riga ya wahalar da shi ta ɓangaren lantarki, har a wani saƙo ya kira shi makunnin jahannama, kuma ƙara wa sifirin ƙarfi yana nufin sake gwaje-gwaje alhali lokacin fara ƙera Ion ya matso.

Abin da ke faruwa a kan titi

Makunni mai laushi irin wannan, abu kaɗan ke juya shi. Gwiwar direba ta taɓi mukulli, ko mota ta faɗa rami, ko nauyin tarin mukullan da ke rataye ya yi lilo. A Cobalt kuma makunnin yana ƙasa-ƙasa a jikin wuyan sitiyari, daidai inda gwiwar dama take. Kan mukullin ma ya taimaka wa matsalar: maimakon ƙaramar huda a tsakiya, doguwar tsaga aka yi masa. Zobe yana zamewa ya tsaya a gefen tsagar, nauyin ya koma yana jan mukullin ta gefe kamar yadda ake ɗaura bututu a sifana don a ƙara mata ƙarfi.

Da zarar mukulli ya koma ACC, inji ya mutu. Sitiyarin Cobalt na lantarki ne, don haka nan take yake yin nauyi. Birki yana dogara da iskar da inji ke zuƙa, taku ɗaya ko biyu ta ƙare, sai an danna da ƙarfin gaske. Waɗannan biyun direba yana jin su a hannu da ƙafa. Na ukun ba ya jin sa: kwamfutar da ke lura da karo, wadda take ba jakar iska, wato jakar da ke kumbura ta tare mutum lokacin karo, umarnin fashewa, ita ma ta daina aiki. An tsara ta ne a kan haka, don kada jaka ta fashe wa mutum yana zaune a mota a tsaye yana jin rediyo. Tana da ɗan ajiyar wuta na kusan kashi 150 cikin dubu na daƙiƙa, saboda idan karo ya tsinke wayar batir. Wannan ajiya ba ta da amfani ga motar da mukullinta ya juya daƙiƙa biyu ko uku kafin ta daki abu.

A kula da yadda abin yake jeruwa, domin nan ne masu bincike suka yi ta ɓata. Mota ta kauce daga kwalta, kowane ne dalili. Ta hau gargada tana tsalle. Tsallen ya juya mukulli. Sannan ta daki bishiya, jaka ba ta fito ba. Wanda ya zo wurin daga baya zai ga direba ya sha giya, ko gudu ya yi yawa, ko bai ɗaura bel ba, kuma da yawa cikin haɗurran farko haka suke. Sai a rufe fayil a kan laifin direba. Gaskiya ne laifin direba ya fitar da motar daga hanya a wasu lokutan, amma jakar iska ai don irin ranar aka saka ta.

Sunan da aka raɗa wa matsalar

GM bai jahilci cewa motocin suna mutuwa a kan tafiya ba. A 2004, lokacin da ake nuna wa 'yan jarida sabuwar Cobalt, wani ya kashe ta da gwiwa. A watan Nuwamban shekarar aka buɗe fayil ɗin bincike a cikin kamfani. Injiniyoyi suka kawo shawarwari: a ƙara wa makunni ƙarfi, a ɗaga wurinsa, a sauya kan mukulli. A watan Maris na 2005 aka rufe fayil ɗin ba tare da an yi komai ba, da hujjar cewa gyare-gyaren za su ci lokaci da kuɗi, kuma babu wanda ya yi daidai da lissafin kasuwanci. Wani saƙon cikin gida na shekarar ya ƙiyasta cewa sauya makunnin zai ci santi 90 a kowace mota da dala 400,000 na sababbin kayan ƙira, alhali abin da za a rage a kuɗin garanti bai wuce santi 10 zuwa 15 ba.

Mai karatu zai iya cewa ga shi nan, an auna rai da santi 90. Rahoton da lauya Anton Valukas, wanda GM ya ɗauka ya binciki lamarin, ya rubuta daga baya ya nuna wani abu da ya fi wannan ban tsoro. Mutanen da suka yi lissafin ba su san rai suke aunawa ba. Tun a farko an rubuta matsalar a layin abin da ke ɓata wa mai saye rai, irin su ƙarar ƙofa ko kujera mai motsi, ba a layin haɗari ba. Hujjarsu ita ce mota ko ta mutu ana iya juya ta a gangara gefen hanya. Injiniyoyin makunni ba su san juyawar mukulli tana kashe jakar iska ba, masu kula da jakar iska kuma ba a kira su zaman ba. A tsarin kamfanin, matsalar haɗari ba a duba kuɗinta, gyarawa ake yi. Matsalar jin daɗi kuwa sai ta biya kuɗin kanta. Sunan da aka ba ta ranar farko shi ya yanke mata hukunci na shekara tara.

A tsakiyar 2005 jaridu, har da New York Times, sun rubuta cewa Cobalt tana mutuwa a kan hanya. Kamfani ya amsa cewa abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, kuma direba yana iya sa giya a firi ya sake tayarwa. A watan Disamba aka aika wa diloli takardar shawara: idan mai mota ya kawo ƙorafi, a gaya masa ya rage mukullan da ke zobensa, a kuma saka masa wani ɗan toshi da ke mayar da tsagar mukulli ƙaramar huda. An cire kalmar mutuwar inji daga takardar da gangan, don kada ta ja hankalin hukuma. Illar hakan a bayyane take. Makanike yana neman takarda ne da kalmar da mai mota ya faɗa masa, mai mota kuwa cewa yake yi motata tana mutuwa. Mutum 474 kacal suka samu toshin.

Lambar da ba a sauya ba

A watan Afrilun 2006 DeGiorgio ya sa hannu a takardar da ta ba Delphi izinin saka dogon harshe da sabon sifirin. Gyaran ya yi aiki. Motocin da aka ƙera daga wani lokaci a zangon 2007, da duk na 2008 zuwa sama, sun fito da makunni mai ƙarfi. Amma lambar kayan, 10392423, ba a taɓa ta ba, kuma ba a sanar da sauran sassan kamfani ba.

Duk wanda ya yi aiki a masana'anta ko shagon kayan gyara ya san nauyin wannan. Ƙa'ida ce: idan aka sauya siffa, ko yadda abu ke zama a gurbinsa, ko yadda yake aiki, sai a ba shi sabuwar lamba. Da lamba ake gane wace mota ta samu wane kaya, da ita ake ware tsohon kaya a sito, da ita mai bincike yake raba motoci gida biyu ya kwatanta. Idan lamba ɗaya ta rufe kaya iri biyu, takardu za su ce babu abin da ya sauya, ƙarfe kuma yana faɗin wani abu dabam.

Haka kuwa aka yi. Daga 2007 wani injiniya a GM yana tara jerin haɗurran Cobalt da jaka ba ta fito ba. Ya lura cewa abin ya tsaya cak a motocin 2008. Ya zargi makunni, aka tambayi DeGiorgio, ya ce babu sauyin da zai shafi wannan. Takardu suka goyi bayansa. Masu bincike suka saki makunni suka koma neman matsala a wayoyi da kwamfuta, shekaru suna tafiya. A 2012 sun je filin matattun motoci sun auna ƙarfin murɗawa a motoci sama da 40, suka ga tsofaffin sun fi laushi ƙwarai. Ma'auni yana hannunsu, amma suka kasa yarda da shi, tunda lamba ɗaya ce.

Abin takaici, mutanen waje sun riga su gani. Bayan wani haɗari a jihar Wisconsin a watan Oktoban 2006, inda 'yan mata biyu suka rasu, wani ɗan sandan hanya ya rubuta rahoto a farkon 2007. Ya ce mukullin yana ACC, ya haɗa shi da takardar shawarar 2005, ya ce mai yiwuwa shi ya hana jaka fitowa. Masu bincike na Jami'ar Indiana, waɗanda hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, NHTSA, ta ɗauka aiki, su ma sun kai ga wannan zato a shekarar. Rahoton ɗan sandan ya shiga rumbun takardun GM ya kwanta, injiniyoyin da ke neman amsa ba su karanta shi ba. Ita ma hukumar ta duba batun a 2007 da 2010, ba ta buɗe cikakken bincike ba. Muƙaddashin shugabanta ya shaida wa majalisa daga baya cewa jami'ansu sun ɗauka jakar tana da ajiyar wuta har ta daƙiƙa 60.

Yadda allura ta tono garma

A watan Maris na 2010 wata ma'aikaciyar jinya ta rasu a jihar Jojiya, ranar da ta cika shekara 29, a cikin Cobalt ƙirar 2005. Kwanaki kaɗan kafin nan ta kai motar wurin dila saboda ta mutu mata a kan hanya, aka wanke hanyar mai aka mayar mata. Na'urar adana bayanan karo ta nuna mukulli ya koma ACC daƙiƙu kafin haɗarin. Iyayenta suka ɗauki lauya, Lance Cooper, shi kuma ya ɗauki injiniya mai zaman kansa daga Florida, Mark Hood.

Abin da Hood ya yi ba ya buƙatar babban ɗakin gwaji. Ya ciro makunnin motar ya ɗauki hotonsa ciki da waje, ya kwance shi, ya auna kowane yanki. Ya je wurin dila ya sayi sabo a kan kusan dala 30, lamba iri ɗaya, don ya kwatanta. Da ya kwance sabon sai ya ga harshen ya fi tsawo, sifirin ya fi matsewa, murɗa shi ya fi wuya. Ya bi filayen matattun motoci yana sayen makunnan Cobalt na shekaru daban-daban yana aunawa, har ya gano zangon da aka yi sauyin. A watan Afrilun 2013 Cooper ya ajiye hotunan harsunan biyu gaban DeGiorgio, yana ƙarƙashin rantsuwa. Ya yarda sun bambanta, ya ce bai amince da wani sauyi ba. GM ya sasanta da iyalin a kan dala miliyan 5 a watan Satumba. Takardar 2006 mai sa hannunsa ta fito daga wurin Delphi a ƙarshen shekarar.

Dokar Amurka ta ba kamfani kwanakin aiki biyar ya sanar da hukuma idan ya gano lahani mai haɗari. GM bai sanar ba sai Fabrairun 2014, makonni kaɗan bayan Mary Barra ta hau kujerar shugabanci. Kiranyen farko, wato kiran masu motoci su dawo da su a gyara, ya shafi motoci kusan 780,000. Kafin watan ya ƙare ya zama miliyan 1.6, a ƙarshen Maris miliyan 2.6.

Ƙarin na ƙarshe shi ma lambar nan ce ta jawo shi. Motocin 2008 zuwa sama gyararren makunni suka fito da shi. Amma an sayar wa diloli da 'yan kasuwar kayan gyara tsofaffin makunnai kusan 95,000. Wajen 90,000 an san sun shiga tsofaffin motoci da aka riga aka kira. Sauran ba a san inda suke ba, kuma ba a gane su daga kwali ko daga lamba. Saboda 'yan dubban nan aka kira ƙarin motoci 824,000 a Amurka kaɗai. Kafin kaya su iso, aka ce wa masu motoci su cire komai daga mukulli, har da ɗan rimot, su bar shi tsirara. Gyaran kansa shi ne sauya makunni da silindar da mukulli ke shiga, da ba da sababbin mukullai masu huda.

Wa ya biya, kuma nawa

Kamfani ya fara da amsa mutuwar mutum 13. Yadda aka ƙirga shi ne abin dubawa: karo ta gaba kawai, wanda jaka ba ta fito ba, kuma mamacin yana kujerar gaba. Da wannan ma'auni ma'aikaciyar jinyar Jojiya ba ta cikin lissafi, tunda ta gefe aka dake ta. A haɗarin Wisconsin an ƙirga yarinyar da ke gaba, aka bar wadda ke baya. Asusun diyya da GM ya kafa ya danƙa wa lauya Kenneth Feinberg ya karɓi buƙatu sama da 4,300, ya amince da mutuwa 124 da rauni 275, kuɗin ya kai kusan dala miliyan 594. Mafi ƙarancin diyyar rai dala miliyan 1 ce. Feinberg bai duba ko direba ya sha giya ko ya yi gudu ba, abin da ya duba shi ne ko makunni na da hannu. Wanda ya karɓa ya sarayar da haƙƙinsa na kai ƙara.

A watan Mayun 2014 NHTSA ta ci GM tarar dala miliyan 35, iyakar abin da doka ta yarda a lokacin, kuɗin da kamfanin ke samu cikin 'yan sa'o'i. A ƙarshen 2015 majalisa ta ɗaga iyakar zuwa miliyan 105. Cikin takardun da suka fito tare da tarar akwai darasin horar da ma'aikata na 2008 mai jerin kalmomi 69 da aka hana su rubutawa a rahoto, har da kalmar lahani kanta.

Rahoton Valukas ya fito a watan Yuni, shafi sama da 300, bayan hira da shaidu 230. Ya ce bai samu shaidar haɗin baki daga sama ba, sakaci ne da rashin mai ɗaukar nauyi. A tuna cewa GM ne ya ɗauke shi aikin, kuma ofishin lauyoyinsa ya daɗe yana yi wa kamfanin aiki, don haka wanke manya da ya yi bai gamsar da kowa ba. Duk da haka ya rubuta abubuwa biyu da ma'aikata suka ba shi labari. Ɗaya shi ne gyaɗa kai irin na GM: kowa a taro ya gyaɗa kai cewa a yi, a fita, ba wanda ya yi. Ɗayan gaisuwar GM: mutum ya harɗe hannuwa a ƙirji, yatsunsa suna nuna na dama da na hagu. An kori mutum 15, har da DeGiorgio da wasu lauyoyin kamfani waɗanda suka yi ta sasanta shari'o'i a asirce ba su kai maganar sama ba. An ladabtar da biyar.

A watan Satumban 2015 GM ya amsa cewa ya ɓoye wa hukuma lahanin kuma ya yaudari masu saye, ya biya dala miliyan 900, aka jingine tuhumar da sharaɗin sa ido na shekara uku. Ba a gurfanar da mutum ko ɗaya ba. Kamfanin ya kuma yi ƙoƙarin fakewa da karyewar arzikin da ya yi a 2009, yana cewa abin da ya faru kafin nan bashin tsohon GM ne. Kotun ɗaukaka ƙara ta ƙi yarda a 2016, ta ce tunda an san da lahanin lokacin karyewar kuma ba a sanar da masu motoci ba, ba za a rufe musu ƙofa ba.

Wasiƙar kiranye tana bin adireshin da aka yi wa mota rajista a Amurka ne, ba ta bin ta cikin jirgin ruwa zuwa Kwatano ko Legas. Mai motar da aka shigo da ita daga can yana iya duba lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, wadda ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, ya saka ta a shafin kiranye na NHTSA kyauta, zai ga ko akwai gyaran da ba a yi ba.

Akwai wadda aka hukunta a wannan lamari, sai dai ba ma'aikaciyar GM ba ce. A 2004 wata budurwa a jihar Texas ta daki bishiya da Saturn Ion, saurayin da za ta aura ya rasu a gefenta, jaka ba ta fito ba. Aka tuhume ta da kisa ta hanyar sakaci, ta amsa laifi a 2007, aka yanke mata zaman sa ido da tara. Watanni kafin ta amsa, binciken cikin gida na GM ya riga ya nuna wutar motar ta ɗauke kafin karon, amma ba a gaya mata ba, ba a gaya wa mai gabatar da ƙara ba. Alƙali ya soke hukuncin a watan Nuwamban 2014, shekara goma bayan haɗarin.